Aikin Jinya a Ɗakin Katetar Zuciya: Abin da Mai Son Shiga Ya Kamata Ya Sani

Ɗakin katetar zuciya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kat lab, wuri ne da ake shiga cikin zuciyar mutum ba tare da an tsaga masa ƙirji ba. Ana huda jijiyar jini a wuyan hannu ko a gindin cinya, a zura wani siririn bututun roba da ake kira kateta, a yi ta tura shi cikin jijiyar har ya kai bakin zuciya, likita yana bin tafiyarsa a allo da hoton eksire mai motsi. Kaurin bututun da aka fi amfani da shi milimita 2 ne ko ƙasa da haka. Ta cikinsa ake tura wani ruwan rini mai sinadarin aidin, sai jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya su fito baƙi a hoto, a ga inda kitse ya ƙuntata hanya da inda gudan jini ya toshe ta ɗungurungum. Idan an ga toshewa, ta wannan bututun dai ake wucewa da siririyar waya wadda ba ta kai rabin milimita ba, a ɗora mata ɗan balan-balan a hura shi a wurin, sannan a bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare jijiyar don kada ta sake rufewa.

Galibi duk wannan ana yin sa ne majinyaci yana farke, kuma nan ne aikin nas a wannan ɗaki ya sha bamban da aikinta a ɗakin tiyata. A tiyata akwai mai ba da maganin barci a zaune a kan majinyaci, shi ke kula da numfashinsa da hawan jininsa. A kat lab yawanci babu shi. Idon likita yana kan allo, hannunsa yana kan waya. Mutumin da ke kwance ƙarƙashin mayafi, numfashinsa da launin leɓɓansa da gumin goshinsa da fargabarsa, duk amanar nas ne, mace ce ko namiji. Wanda ke tunanin komawa wannan fanni, daga nan ya kamata ya fara auna kansa, kafin ya kai ga sha'awar na'urori ko maganar albashi.

Ma'aikaciyar jinya tana cikin tarihin fannin tun ranar farko. A shekarar 1929, a wani asibiti da ke garin Eberswalde na Jamus, wani matashin likita mai shekara 25, Werner Forssmann, ya ƙudurta cewa za a iya kai bututu cikin zuciyar mai rai. Shugabansa ya hana shi. Kayan tiyata kuwa suna hannun wata nas, Gerda Ditzen, wadda ta yarda ta taimaka bisa sharaɗin a jikinta za a gwada. Ya kwantar da ita ya ɗaure mata hannuwa kamar zai yi mata, sai ya juya ya zura bututun a jijiyar hannunsa. Da ya kwance ta, suka tafi ɗakin eksire tare, aka ɗauki hoton bututun, kimanin santimita 60 a cikin jikinsa, bakinsa a cikin zuciya. André Cournand da Dickinson Richards ne suka mayar da wannan kasada hanyar bincike a asibitin Bellevue na birnin New York, kuma su uku suka raba kyautar Nobel a 1956.

Daga nan matakai suka biyo juna. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar shiga jijiya da allura da waya ba tare da yanka fata ba, wadda har yau da ita ake fara kowane aiki. A 1958, a Cleveland ta Amurka, rini ya kuɓuce wa Mason Sones ya shiga jijiyar zuciyar wani majinyaci kai tsaye, abin da a lokacin ake ɗauka ajali ne. Zuciyar ta tsaya na ɗan lokaci, aka ce ya yi tari da ƙarfi, ta dawo, kuma aka wayi gari da hoton jijiyar zuciya tas. A watan Satumba na 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar wani mutum mai shekara 38 da balan-balan a Zurik, ɗakin ya tashi daga wurin gano ciwo ya zama wurin magani. Sitent ya zo a 1986 ta hannun Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Siwizalan. Lucien Campeau ya nuna a Kanada a 1989 cewa ana iya bi ta wuyan hannu, kuma a 2002 Alain Cribier ya dasa sabon murfin zuciya ta bututu a birnin Rouen. Kowane mataki ya ƙaro wa nas magunguna da kaya da haɗurran da sai ta san su.

A yawancin wurare, ban da likita, mutum uku ne ke tafiyar da aiki. Ɗaya yana wanke hannu ya sa rigar tiyata ya tsaya kusa da likita, yana miƙa kaya, yana wanke bututu da ruwan gishiri, yana tabbatar da cewa babu ko ƙwayar iska a layin rini, domin iskar da ta shiga jijiyar zuciya toshe ta take yi nan take. Na biyu yana zagayawa, shi ke ba da magani, ya buɗe kaya, ya kula da majinyaci. Na uku yana zaune bayan gilashi yana kallon layin ECG da matsin jini, yana rubuta duk abin da aka yi da lokacinsa. A wasu asibitoci nas-nas ne ke juyawa a duka ukun. A wasu, musamman a Amurka, ƙwararrun masu fasahar zuciya da na eksire ne ke riƙe na farko da na uku. Matsayin zagayawa dai kusan ko'ina na nas ne, saboda ita doka ta ba ikon ba da magani ta jijiya.

Aikinta yana farawa tun kafin a tura majinyaci ciki, kuma da yawa daga matsalolin da ke tasowa a kan gado a wannan lokacin ake kashe su. Tana duba sakamakon gwajin ƙoda, domin rinin ta ƙoda yake fita, kuma yana iya raunata ƙodar da dama ciwon sukari ko hawan jini ya gajiyar, sai a ƙara wa irin wannan majinyaci ruwa a rage masa yawan rini. Tana tambaya ko jikinsa ya taɓa ƙin rini a baya. Tana bin magungunansa ɗaya bayan ɗaya: mai shan warfarin ko makamancinsa zai iya zubar da jini, mai shan metformin a wurare da yawa ana dakatar masa da shi har awa 48 bayan aiki. Mai shan na gargajiya ma sai an tambaye shi cikin lalama, don ba kowa ke faɗa ba in ba a tambaya ba. Tana taɓa bugun jijiya a hannu da a ƙafa ta sa alama da biro, saboda bayan an gama aiki, da wannan bugun za ta gwada. Mace mai shekarun haihuwa sai an tabbatar ba ta da ciki.

Sai sutura. Ko ta hannu za a bi, akan aske gindin cinya a wanke shi a ajiye, ko da hannun zai ƙi. Ga dattijo ko ga matar aure wannan babban abu ne, kuma mutane da yawa kunyarsa ta fi damunsu fiye da tsoron allura. Nas ta ƙwarai tana bayani tun da wuri, ta nemi mace ta shirya mace, ta buɗe iya wurin da ake buƙata kawai, ta rage masu kai-kawo a ɗakin. Wanda aka kiyaye masa mutunci hankalinsa ya fi kwanciya, kuma kwanciyar hankali tana da amfani a aikin kansa, domin jijiyar hannun mai fargaba tana tsukewa ta kama bututun.

Da an fara, nas ce ke ba da maganin kwantar da hankali, galibi midazolam da fentanyl, kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda majinyaci zai saki jiki amma ya amsa in an kira shi. Ratar da ke tsakanin wannan da danne numfashi ƙarama ce ƙwarai, musamman ga tsoho ko mai ƙiba mai minshari, don haka makarin kowannensu, flumazenil da naloxone, a kusa suke zama. Ita ke ba da heparin don hana jini daskarewa a kan waya, gwargwadon nauyin jikin majinyaci, ta riƙa ɗibar jini tana auna daƙiƙoƙin da yake ɗauka kafin ya daskare, ana neman ya tsaya wajen daƙiƙa 250 zuwa 300 lokacin sa sitent. In ya yi ƙasa, gudan jini ya toshe sabon sitent. In ya yi sama, jini ya ƙi tsayawa. Likita yana faɗin magani da baki, ita kuma ta maimaita sunansa da adadinsa da ƙarfi kafin ta tura, ta sake faɗa bayan ta tura. Wannan maimaitawa doka ce ta ɗakin, kuma sabuwar nas da ke jin nauyin ɗaga murya gaban manya sai ta koyi ajiye wannan nauyin a bakin ƙofa.

A tsakanin haka bakinta yana kusa da kunnen majinyaci. Kafin a tura rini mai yawa takan ce, "Baba, za ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, har ka ɗauka fitsari ya kuɓuce maka. Ba fitsari ba ne, yanzu zai wuce." Kafin a hura balan-balan takan ce, "Hajiya, ƙirji zai ɗan riƙe ki, ki gaya mini, kada ki motsa hannun nan." Wanda aka gargaɗa ba ya zabura. Haka kuma maganar majinyaci bayani ce. Dattijon da ke ta amsa "to, Sista" sai kawai ya yi shiru, ko ya fara hamma da gumi, sau da yawa jikinsa ya riga na'ura sanar da cewa matsin jini yana faɗuwa.

Matsala a wannan ɗaki ba ta sallama. Rini a jijiyar dama yana iya rage bugun zuciya har ya kusa tsayawa, sai a ji nas ta ce "yi tari, Baba, yi tari da ƙarfi," hannunta kuma yana kan maganin atropine. Zuciya tana iya rikicewa ta koma rawa maimakon bugu, kuma maganin wannan shi ne a girgiza ta da lantarki cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ake manna wa majinyacin da ke cikin haɗari faifan na'urar girgizawar tun kafin a rufe shi da mayafi. Waya tana iya huda jijiya, jini ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya ya matse ta, matsin jini ya faɗi, jijiyoyin wuya su kumbura. A nan nas ba ta jiran umarni ɗaya-ɗaya: ta buɗe ruwa, ta kira mai hoton zuciya, ta kawo kayan zuƙe jinin, ta shirya protamine mai karya heparin. Irin waɗannan ba kullum suke faruwa ba. Ana iya yin makonni aiki yana tafiya lami lafiya, kuma wannan shi ne wahalar abin, wato mutum ya zauna cikin shiri ga abin da ya daɗe bai gani ba.

Bayan an cire bututu, sauran aikin kusan duka na nas ne. Wanda aka bi masa ta hannu ana ɗaura masa wani abin hannu mai iska da ke danne hudar, a riƙa sassauta shi kaɗan-kaɗan cikin awa biyu ko makamancin haka, ana duba ɗumin yatsu da launinsu, kuma yana iya zama ya ci abinci. Ta cinya kuwa, in ba a sa abin toshe huda ba, sai an danne wurin da hannu minti 15 ko 20, sannan ya kwanta miƙe awanni bai lanƙwasa ƙafa ba. Haɗarin da ya fi ɓoyewa a nan shi ne jini ya riƙa zuba ta ciki, can bayan ciki, bandeji yana fari tas. Alamarsa ciwon baya ko na kwiɓi, bugun zuciya yana ƙaruwa, matsin jini yana raguwa. Nas da ta ɗauki wannan ciwon baya a matsayin gajiyar kwanciya ta ba da maganin ciwo ta tafi, tana iya dawowa ta tarar da mutum ya yi nisa.

Akwai kuma bayanin sallama, wanda ake yawan gaggautawa alhali rai yana rataye da shi. Mai sabon sitent dole ya sha magunguna biyu na hana jini daskarewa, asfirin tare da clopidogrel ko ticagrelor, na tsawon watannin da likita ya yanke. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye su, ko kuɗi suka yanke masa, sitent ɗin yana iya toshewa farat ɗaya. Dole a faɗa wa majinyaci da mai jinyarsa, da harshen da suke ji, a sa su maimaita, a kuma tambaye su ƙarara ko suna da halin sayen maganin wata mai zuwa.

Ta fuskar lokaci, aikin yana da fuska biyu. Ayyukan da aka tsara da rana ake yin su, a ranakun aiki, kuma wannan ne ke jan hankalin wanda ya gaji da kwanan asibiti. Amma jijiyar zuciya ba ta zaɓar lokacin toshewa. Idan babbar jijiya ta toshe gaba ɗaya, tsokar zuciya tana mutuwa ne minti bayan minti, shi ya sa ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada a wuce minti 90 daga shigowar majinyaci asibiti zuwa buɗe jijiyar. Don cika wannan, ma'aikatan ɗakin suna karɓa-karɓar jiran kira, kuma asibitoci da yawa suna shardanta wanda ke kan kira ya iso cikin minti 30. Ma'anarsa waya a kunne ko da ƙarfe biyun dare, gida kusa da asibiti, abin hawa a shirye, ba tafiya biki ko gaisuwar mutuwa a wani gari a wannan makon. Mai shayarwa, ko wadda unguwarsu fitar dare ba ta da tsaro, ko wadda ba ta gama daidaitawa da mai gidanta a kan fitar dare ba, gara ta warware wannan kafin ta karɓi aikin. Kuma sau da yawa wanda ya kwana a kan majinyaci shi ne zai buɗe ɗaki da safe.

Babban abin da ya keɓanta da wannan aiki shi ne hasken eksire, wanda ba a gani, ba a ji, amma yana taruwa a jiki shekara bayan shekara. Yawancin abin da ke samun ma'aikaci daga jikin majinyaci yake warwatsowa. Kariyarsa uku ce: rage lokaci, ƙara nisa, da sa shamaki. Nisa ne mafi arha, domin wanda ya ninka tazararsa sau biyu hasken da ke samunsa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Taku biyu baya ba ƙaramin abu ba ne. Likita da ƙafa yake taka maɓallin hasken, don haka nas da za ta matsa kusa da majinyaci ta ba da magani tana da haƙƙin ta ce, "Likita, a ɗaga ƙafa," ta jira hasken ya mutu. Wadda ta kasa faɗin haka saboda ganin girma, da lafiyar jikinta take biya.

Shamakin kuwa rigar dalma ce, da abin wuya mai kare maƙogwaro, da tabarau mai dalma. Kowane ma'aikaci yana maƙala ɗan bajo mai auna hasken da ya same shi. Hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga wannan haske ta sa iyakar ma'aikaci a milisibat 20 a shekara, idan aka daidaita a kan shekara biyar, kuma a 2011 ta sauko da iyakar ido zuwa wannan adadi bayan an gano cewa yanar ido tana kama ma'aikatan irin wannan ɗaki da ƙarancin haske fiye da yadda ake zato. Mai juna biyu ba dole ba ne ta bar aiki, amma wajibi ne ta sanar da wuri, a ba ta bajo na biyu a ƙarƙashin riga daidai ciki, a tabbatar abin da ke kai wa ɗan tayi bai wuce milisibat 1 ba har ta haihu. Wanda ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji yawanci yana zama can ƙasa da iyaka. Abin da ya fi kayar da ma'aikata a zahiri nauyin rigar ne. Kilo biyar zuwa bakwai a kafaɗa, a tsaye awanni, shekara da shekaru, yana cin baya da wuya da gwiwa. Riga mai kashi biyu, ta sama da siket, ta fi sauƙi saboda ƙugu yana ɗaukar rabin nauyin. Mai tsohon ciwon baya ya yi wa kansa gaskiya tun kafin ya shiga.

Hanyar shiga ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tushenta ɗaya ne. A Amurka sai an ci jarrabawar NCLEX an zama nas mai rajista, kuma asibitoci da yawa suna son wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu a sashen kulawa ta musamman ko sashen gaggawa, yana da shaidar ACLS ta ceton wanda zuciyarsa ta tsaya. Bayan an ɗauke shi yana yin watanni a ƙarƙashin wani gwani kafin a sa shi jiran kira, daga baya yana iya neman shaidar RCIS ta ƙwarewa a fannin. A Ingila ma rajista ce da majalisar ma'aikatan jinya, sannan gogewa a sashen masu ciwon zuciya, sannan horo a bakin aiki. A Najeriya tushe shi ne lasisin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, bayan shekara uku a makarantar jinya ko biyar a jami'a, sai karatun ƙwarewa a kulawa ta musamman, ko jinyar gaggawa, ko jinyar zuciya da ƙirji irin wadda ake koyarwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu, inda aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a ƙasar a 1974. Aikin kat lab kansa a cikin ɗakin ake koyon sa.

Sharaɗin gogewa yana ɓata wa sababbin nas-nas rai, amma yana da hujja. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sunayen bututu da wayoyi da kusurwoyin hoto ana haddace su cikin watanni. Gane mutumin da ke shirin faɗuwa, da karanta ECG a kallo ɗaya, da sarrafa magungunan ɗaga matsin jini, waɗannan sai an daɗe a gefen gadon masu tsananin ciwo, kuma kat lab ba wurin koyon su ba ne, domin can lokacin tambaya ba ya samuwa. Ko gogaggiyar nas ta sashen kulawa ta musamman takan koma ɗaliba a watanninta na farko, ta ga ƙananan ma'aikata sun fi ta sanin kaya. Wadda girman kai ya hana ta tambaya ba ta daɗewa.

Buƙatar aikin ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ne. A Afirka aikin ɗakin bai tsaya ga toshewar jijiya ba. Akwai matasa, mata musamman, da zazzaɓin sanyin gaɓoɓi na ƙuruciya ya ƙuntata musu murfin zuciya, kuma wasunsu ana iya buɗe musu shi da balan-balan ba tiyata. Irin waɗannan majinyata ne suka fi yawa a cibiyar Salam da aka buɗe kusa da Khartoum a 2007. Akwai yaran da aka haifa da huda a zuciya da ake toshe musu ta bututu, da tsofaffin da ake dasa wa na'urar daidaita bugu.

Sai dai a Najeriya ɗakunan ba su da yawa, akasarinsu a manyan birane irin Legas da Abuja, da dama a asibitoci masu zaman kansu. Kayan daga waje suke zuwa, yawancin majinyata daga aljihu suke biya, kuma mutane kan iso a makare bayan an sha magani a kemis ana zaton gyambon ciki ne. Na'urar ɗakin tana buƙatar wuta tsayayya da injiniya a kusa. Ɗakin da ke yin aiki jefi-jefi, hannun ma'aikatansa yana sanyi komai kyawun horon da suka samu. Ƙwarewar aikin kat lab kuma tana da kasuwa a Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi inda za a biya shi haƙƙinsa. Amma tafiyar nas ɗaya daga tawagar mutum huɗu ko biyar tana iya tsayar da jiran kira gaba ɗaya, don haka asibitin da ya kashe maƙudan kuɗi a kan na'ura ya bar ma'aikatanta ba alawus ba ƙarin horo, bai gama lissafinsa ba.

Akwai abin da mai shiga zai rasa. Nas ta ɗakin kwanciya tana sanin majinyacinta kwanaki, ta san matarsa da 'ya'yansa, ta ga ranar da ya fara takawa. A kat lab awa ɗaya ce ko biyu, a miƙa shi wani sashe, sau da yawa ba a sake jin labarinsa ba. A madadin haka akwai abin da ba a cika gani a wani sashe ba: mutum ya shigo yana gumi, ya dafe ƙirji, fuska ta yi toka, a buɗe jijiya, cikin mintoci ya ja dogon numfashi ya ce ciwon ya sake shi. Tawagar ƙarama ce, fuskoki ɗaya kullum, cikin ɗaki mai sanyi da matsin lamba, don haka saɓani ba ya ɓoyuwa kuma halin abokan aiki yana da nauyi kamar na albashi. Daga nan hanya tana buɗewa zuwa shugabancin ɗakin, ko koyarwa, ko sashen gyaran bugun zuciya, ko aiki da kamfanonin da ke ƙera kayan.

Kafin yanke shawara, abin da ya fi amfani shi ne mutum ya nemi izini ya yi kwana biyu ko uku a ɗakin, sanye da rigar dalma daga safe zuwa yamma, ya ji yadda bayansa zai wayi gari. Idan aka yi masa tayin aiki, ya tambayi yawan ayyukan da ake yi a mako, da tsawon horon da za a ba shi da wanda zai riƙe hannunsa, da sau nawa jiran kira zai zagayo kansa a wata, da yadda ake biyan sa, da ko akwai hutu bayan kiran dare. Ya tambayi inda ake kai majinyaci idan aiki ya rikice ana buƙatar tiyata, da nisan wurin. A Najeriya ya tambaya ko ɗakin yana da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda ke sa ido kan na'urorin eksire. Ya nemi a nuna masa takardar sakamakon bajon ma'aikata na watannin baya, ya kuma duba inda ake ajiye rigunan dalma. Rigar da ake ninkewa a jefa kan kujera tana tsagewa ta ciki ba a gani, shi ya sa ake rataye ta, a kuma haska ta da eksire aƙalla sau ɗaya a shekara, a rubuta ranar dubawa a jikinta.